Nauyin Anbu a Mazarƙwaila

Sungai Siput, 14 ga Agusta, 2005

Zuwa ga Tilagam, 'yar ƙanena Sinnaya,

Ni ne Karuppaya, wan ubanki, idan zaman Singafo bai mantar da ke ba. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki. An ce kina da juna biyu. A bakin mai sayar da kayan miya na ji, ba a bakinki ba, amma ba komai, Uwa Mariyamman, abar bautar haikalinmu, ta sauke ki lafiya. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwa da kunnen nan da ya toshe. Kada ki ce me ya hana ni buga waya. Ba na jin abin da ake faɗa a cikinta, kuma ba na son yayanki Anbu ya san na neme ki. Rubutun kuwa sai haƙuri, aji biyu na yi aka miƙa mini wuƙar tsaga itacen roba.

Kin san alwashina, amma zan maimaita, don ku 'yan boko kuna jin magana ba kwa riƙe ta. 'Ya'ya uku muka binne ni da matata Valliyamma, babu wanda ya kai ga tafiya. Da aka haifi Anbu kamar ɗan ɓera yake. Na je haikali na ce wa Uwa, in ta bar mini wannan, duk shekara ranar bikinta zan ɗora shi a babban ma'auni in ba da nauyinsa a mazarƙwaila. Shekarar farko kilo shida. Sau arba'in da ɗaya ke nan ina cikawa, kuma bai taɓa komawa baya ba. Bara sittin da bakwai.

Bana na sayi sittin da takwas, don na saba. Anbu ya hau ya zauna, Pusari mai kula da haikali ya jera buhuna a ɗaya gefen, sai gefen mazarƙwaila ya dira ƙasa, ɗana ya tashi sama yana lilo. Aka yi ta ragewa, aka yi ta ragewa. Sai a sittin ma'auni ya tsaya. Wani shaƙiyyi daga baya ya ce, "Anbu, wace ce take shanye ka a ɓoye? Ka kawo ta mu gani mana!" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ni ban yi ba.

Tilagam, haka Valliyamma ta fara. Awarwaronta da yake tsayawa a wuyan hannu ya koma yana gangarowa gwiwar hannu, wata tara tarin fuka ya gama da ita. Shi dai ba ya tari, na kasa kunnen da ya rage mini ban ji ba. Amma wandonsa faɗuwa yake.

Ba zaune nake ba. Da safe tosai, wainar shinkafar nan tamu, guda huɗu da man shanu, shayi da madarar gwangwani har cokali ya tsaya, sannan cokali biyu na mazarƙwailar da haikali ke mayar mana a gwangwani don albarka. Yana ci kamar mutum biyu, yana shan ruwa kamar sa, babu inda abin yake zama.

Ke nas ce a babban asibiti. Ki aiko mini da maganin ƙiba mai kyau, irin na masu kuɗi. Na sako miki takardar gwajin da kamfanin motarsu ya yi masa bara. Ki duba da kyau, alamar kore suka yi masa, wato lafiyayye. Can nake so ya koma.

Ban taɓa roƙon gidanku komai ba. Wannan ne na farko.

Karuppaya

*

Singafo, 22 ga Agusta, 2005

Periyappa,

Na durƙusa na gaishe ka, wan ubana. Ina lafiya, cikin wata shida ne, sai dai jinina ya hau, likita ya hana ni doguwar tafiya har in haihu. Ba don haka ba da ni za ka gani maimakon takardar nan.

Ka yi haƙuri ka bi ni a hankali. Takardar kamfani ta ce tsawon Yaya Anbu santimita ɗari da sittin da biyar, nauyinsa kilo sittin da bakwai. Akwai lissafin da ake haɗa nauyi da tsawo ya ba da lamba ɗaya, tasa ta fito ashirin da huɗu da ɗigo shida. Sun yi masa kore ne don jadawalinsu ya ce sai an kai ashirin da biyar ake damuwa. Wannan jadawali da jikin Turawa aka tsara shi. Mu da kakanninmu suka fito daga Indiya, iyakarmu ashirin da uku ce. Za ka ga mutuminmu hannu siriri, ƙafa siririya, amma kitsen ya taru a ciki ya naɗe hanta, ciwon suga ya kama shi a nauyin da Bature yake yawonsa lafiya. Mai tsawon Yaya, daga kilo hamsin da ɗaya zuwa sittin da biyu ne daidai. Ke nan sittin da bakwai ɗin bara ya riga ya yi yawa, kuma duk a tumbi yake.

Sittin a kan kansa ba laifi ba ne. Hanyar da ya bi ya sauko can ita ce take ba ni tsoro. Mutum yana ci, yana ƙishirwa, yana ramewa: Periyappa, haka Appa, mahaifina, ya fara, shekara huɗu kafin a yanke masa ƙafa.

Ina roƙonka abu uku. Ka rufe gwangwanin mazarƙwaila yau, da na madara. Ka kai shi asibiti da safe kafin ya ci komai, ɗigon jini ɗaya za a ɗauka a yatsa. Ka duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu.

In ba ka yarda da lissafina ba, ga wanda ba ya bukatar boko. Ka sami kirtani ka yanke shi daidai tsawonsa daga ka zuwa diddige, ka ninka biyu, ka zagaya cikinsa ta kan cibiya. In bakin kirtanin bai haɗu ba, cikin ya wuce ƙima.

Maganin ƙiba kam ba zan aiko ba. Ka yafe mini.

'Yarka, Tilagam

*

Sungai Siput, 3 ga Satumba, 2005

Tilagam,

Ina gaisuwa. Ki riƙa cin abinci, mai ciki ba ta wasa da tukunya. Gwiwa tana nan yadda take.

Sau uku na karanta takardarki, da yatsa a kan kowane layi. Da hannunki kika rubuta sittin ba laifi ba ne, kuma daga hamsin da ɗaya zuwa sittin da biyu daidai ne. To sittin yake. Asibitin na mene ne?

Ɗayar maganar ita ce ta tsaya mini a wuya. Sittin da bakwai ya yi yawa. Ashe abin da ke ranki ke nan. Sai na tuna bara da kika zo biki, kina tsaye kusa da ma'auni, kika ce a gaban jama'a, "Yaya, wannan tumbin fa?" Tun daga ranar yaron nan yake zubewa. Ban ce da gangan kika yi ba, ido ba ya neman izinin mai shi. Ranar Talata na zagaya kansa da gishiri da busasshen barkono bakwai na watsa a garwashi. Ko tari babu wanda ya yi, barkonon bai yi ƙauri ba ko kaɗan. Kin san ma'anar wannan, in birni bai wanke miki kai ba: ido ne ya kama shi.

Wai Bature da iyakarsa, mu da tamu. Wannan waƙar na san ta. A gonar roba akawu ma'auni biyu yake da su, ɗaya na karɓar ƙaronmu, ɗaya na kai wa manaja, kuma kullum namu ne yake ƙasa. Shekara talatin da takwas ina ɗauko bokiti ana rage mini. Yanzu kuma naman jikin ɗana za a rage, a ce mu ba mu cancanci ƙiba ba? Ke ba ki ga yunwa ba. Ni na ga lokacin da rogo kaɗai ake ci a layin ma'aikata, yara ciki a kumbure ƙafa kamar tsinke. Wanda ya yi tumbi a layinmu, zuwa kallonsa ake yi.

Kirtani kuma, Tilagam, ba ki ji nauyin rubuta shi ba? Wa ake aunawa da kirtani daga ka zuwa diddige? Ni na auna 'ya'yana ukun nan da hannuna na kai wa kafinta mai akwatin gawa. Na auna Valliyamma. Ki ce in auna mai rai?

Kada ki haɗa mini ɗa da ubanki. Sinnaya giya ce ta ci shi, da hakkin uwarmu da ya bari kwance ya tafi Ipoh da tukunyarta ta tagulla. Anbu ko sigari ba ya sha.

Na sami maganin ƙiba a kantin Sinawa, mai zuma. Ba sai kin wahala ba.

Karuppaya

*

Singafo, 10 ga Satumba, 2005

Periyappa,

Ina gaisuwa, jikina da sauƙi. Rabin layi ka ɗauka ka bar rabi. Ka koma ka karanta abin da ya biyo bayan "ba laifi ba ne". In idona ne, na yarda, ka ƙona barkono buhu guda da sunana, amma ka kai shi a ɗiga jinin. Maganin zumar nan kamar ka zuba kananzir a wuta ne.

Na kira Yaya. Ya ce, "Ke 'yar likita, gajiya ce kawai, ki ji da cikinki." Da na matsa sai ya yi ƙasa da murya ya ce in aka rubuta masa suga za a karɓe motar, ya kashe waya. Tsoro yake ji, Periyappa. Ana tuƙi da ciwon suga in ana shan magani. Da ƙafa ɗaya ne ba a taka birki da totur.

Appa bai kai kilo sittin da biyar ba ranar da ya fi ƙiba. Shi ma kore aka yi ta yi masa.

Tilagam

*

Singafo, 12 ga Oktoba, 2005

Periyappa,

Ina fata kuna lafiya, don ban sani ba. Wata guda babu amsa, Yaya ya daina ɗaukar wayata. Mijina ya ce zai zo, na ce za ka kore shi daga bakin ƙofa. Duk mai ciwon ƙafar da aka shigo da shi ɗakinmu sai na leƙa fuskarsa. Ko zagi ne ka rubuto.

Tilagam

*

Asibiti, Ipoh, 27 ga Oktoba, 2005

'Yata Tilagam,

Ina gaishe ki. Ba zan ce muna lafiya ba. A kan benci nake rubutu, takardar a gwiwata.

Takardunki biyu sun zo, na sa su ƙarƙashin hoton Valliyamma ban amsa ba. Makon jiya na ga Anbu yana ɗingishi, ya ce ƙusa ce ta soke shi wurin lodin kwakwar manja, tun kafin wata ya kama. Bai ma ji lokacin da ta shige shi ba, a takalmi ya ga jini. Na sa masa kurkum da man kwakwa na ɗaure. Ranar Lahadi na kwance tsumman.

Warin, Tilagam. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Lokacin da ubanki yake kwance na zo Ipoh. Ban shiga ba, a bakin taga na tsaya, ke kina ciki kina yi masa fifita. Warin da ya fito ta tagar nan ya bi ni har cikin bas. Shi na ji ranar Lahadi a ɗakina.

Na fita bayan gida na tsinko kirtanin shanya. Na daɗe riƙe da shi. Da na shigo na ce, "Tashi tsaye, tela yake son awo, rigar bikin Dipavali zan ɗinka maka."

Ya ce, "Appa, yaushe ka fara yi mini ɗinki? Ko caca ka ci?"

Na ce, "Rufe mini baki, jaki, ka miƙe."

Na dafa kirtanin a kansa na sake shi zuwa diddige. Ban kalli fuskarsa ba, ina ta kiran sunan Uwa a ciki kada ta ɗauka na gama da shi ne. Na yanke, na ninka, na zagaya. Bai haɗu ba. Na ja har ya ce, "Wayyo, tsohon nan, riga ce ko buhu za ka ɗaure?" Yatsuna shida suka shige tsakani. Mutumin da haƙarƙarinsa ya fito, hannunsa kamar sandar tsintsiya, duk ramar nan cikin yana nan.

Washegari ya fito zai hau mota, ya tarar da ni zaune a ƙasa gaban tayar, na jingina da ita.

Ya ce, "Appa, tashi, lodi yana jirana."

Na ce, "Taka ka wuce. Ai ba ka jin abin da ka taka."

Ya ce, "Mutane suna kallo fa."

Na ce, "Su kalla. Su ne suka yi dariya a haikali, yau ma su yi."

Ya ce za a karɓe masa mota, da me za mu ci? Na ce na ci rogo shekara uku ban mutu ba. Ya zagaya, ya dawo, ya daki ƙofar motar. Daga nan ya zauna kusa da ni a ƙasa ya rufe fuska, ya ce, "Appa, watanni ke nan ina ganin hanya dishi-dishi." Ɗan shekara arba'in da biyu yana kuka a gaban maƙwabta.

A ƙaramin asibiti suka ɗiga jinin, na'urar ta ƙi ba da lamba, wai ya wuce inda take iya ƙirgawa. Nan take suka turo mu nan. Likitar ta tambaye ni me yake ci. Na faɗa mata duka, har maganin zuma. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ajiye alƙalami ta dube ni. Gara ta mare ni.

Yatsu biyu sun yi baƙi. Sun ce gobe za su shiga da shi su gani: ko yatsun kaɗai, ko daga ƙasan gwiwa. Sun ba ni takarda in sa hannu, shi ma ya sa.

Tilagam, da cokalina na yi wannan. Kowace safiya ina tsaye a kansa sai ya lashe. Ki gaya mini gaskiya, ke kin san irin wannan ƙafa. Kada ki lallashe ni.

Periyappanki

*

Singafo, 30 ga Oktoba, 2005

Periyappa,

Ina gaisuwa, ina kuka, ina dariya. Kafin wasiƙarka ta iso Yaya ya kira ni daga gadon asibiti. Yatsu biyun kaɗai, ƙafa tana nan. Na yi magana da nas ɗin ɗakin, ta ce da an ƙara mako guda da wani zancen ake yi.

Ka ce kada in lallashe ka. Cokalin ya ƙara wutar, gaskiya ne. Amma ciwon ya daɗe yana ginuwa tun ana yi masa kore, kuma yana jininmu. Wanda ya zauna gaban taya ma kai ne.

Ashe kai ne a tagar. Appa ya ce ya ga inuwarka, muka ce zazzaɓi ne.

Tilagam

*

Sungai Siput, 6 ga Agusta, 2006

'Yata Tilagam,

Ina gaishe ki, da mijinki, da 'yar jikata Valli. Sunan nan da kuka sa mata, ban ce komai ba lokacin don ba a tambaye ni ba, amma na ji. Gwiwa ta ɗan saki, don kullum da yamma sai na raka wannan jakin zagayen filin ƙwallo sau biyar, in ba haka ba a shagon shayi zai ƙare. Sun mayar masa da mota tun watan Maris. Idon ya washe. Allurar cikin nan har yanzu juya baya nake in zai yi.

Girkin da kika rubuto babu daɗi, ki sani. Shinkafa ludayi ɗaya, sauran duk ganye da wake da garafuni, kamar ana kiwon akuya. Jiya ya ce, "Appa, da can kana kashe ni da daɗi, yanzu da ɗaci." Na ce ya ci ko ya bari.

Shekaranjiya aka yi bikin Uwa. Ban san nawa zan saya ba, karo na farko a rayuwata. Na tsaya gaban mai mazarƙwaila kamar baƙo. Da Anbu ya hau ma'auni aka fara jera buhuna, sai na ji bakina yana cewa, Uwa, kada ya wuce sittin da biyu. Ni da na yi shekara arba'in da ɗaya ina roƙon ƙari. Ban san ko ta gane muryata ba.

Sittin da ɗaya. Shaƙiyyin bara ya ce, "Karuppaya, bana ma ba a ci riba ba!" Na ce, "Zo nan in zagaya naka cikin da kirtani, mu ga ko na shanya zai isa." Aka yi masa dariya har ya bar wurin.

Pusari ya miƙo mini gwangwanin albarka kamar kullum. Na taɓa shi da hannu biyu na kai goshi, na ce ya zuba a tukunyar masu biki. Ya ce ba a mayar da rabon Uwa. Na ce rabona ga shi can yana neman takalminsa.

Kada ki ɗauka na yarda da duk maganarki. Barkonon nan bai yi ƙauri ba, da hancina na tsaya a wurin. Tukunyar tagulla kuma har yau tana gidanku.

Kirtanin yana rataye jikin hoton Valliyamma, duk ranar ɗaya ga wata nake sauko da shi. Saura yatsu uku bakin kirtanin ya haɗu a cikinsa. Duk lokacin da na sauko da shi sai gabana ya faɗi, ban saba ba, ba kuma zan saba ba. Kada ki gaya masa.

Hoton Valli ya iso. Na daɗe ina kallon wuyan hannunta, ko ninki ɗaya babu. Na rubuta miki layi biyu a kan abin da za ki riƙa ɗura mata. Su ne waɗannan da kika ga na goge.

Periyappanki, Karuppaya